Wa ke kai kwanon tuwon Sallah yanzu?

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan la'asar, autata mai shekara biyar ta baje kuɗin barka da Sallarta a kan tabarma tana jerawa. Ba ta iya lissafi ba tukuna, amma ta san 'yar ɗari biyu ta fi 'yar hamsin. Ina wanke-wanke na ji tana tsara wa yayanta gidajen da za a koma baɗi. Gidan Kawu a koma, shi sabuwa fil yake bayarwa. Gidan Goggo kuwa ba sai an je ba, alewa kawai take ba mutum.

Goggon nan yayar mahaifina ce. Ita ta goye ni lokacin da aka yaye ni, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma alewar nan da take ƙullewa a bakin zani ita ce iyakar ƙarfinta. Maganar ta soke ni, amma ban yi wa yarinyar faɗa ba, don ba ita ta yi laifi ba. Abin da muka rubuta mata ta karanta. Tun da ta buɗe ido, Sallah a wurinta ɗinki ne da takalmi da kitso da lalle, sai 'yar jakar da muke saya mata musamman don zuba abin da za a ba ta. Komai shigowa hannunta yake yi. Ban tuna ranar da na sa wani abu ya fita daga hannun nan zuwa hannun wani ba.

Mu ba haka muka taso ba, kuma ba wai don mun fi yaran yanzu kirki ba ne. Aiki aka ba mu. A cikin birnin Kano inda na girma, ana saukowa daga Idi Inna za ta jera kwanuka a bakin murhu, tuwon shinkafa da miyar taushe, wani lokaci waina ko funkaso, ta riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya. "Ke, ɗauki wannan ki kai wa Iya ta gidan Malam. Ki durƙusa, ki ce ina gaishe ta, ina yi mata barka da shan ruwa. Kada ki tsaya wasa miya ta huce." Kafin azahar mun zaga lungu kaf, ƙafa ta yi futu-futu, sabon takalmi ya ci dunduniya. A lokacin gani muke an hana mu yawon Sallah. Sai yanzu na gane cewa a wannan zagayen na san mutanen unguwarmu. Na san wadda take kwana ita kaɗai, na san ɗakin da yake yoyo, na san gidan da ba a hura wuta ba ranar Sallah. Iya ta gidan Malam ba ta gani. Idan na ajiye kwano sai ta ce in matso, ta shafa atamfata da tafin hannunta, ta tambaye ni launinta, ta ce ta yi kyau, sannan ta sa mini albarka har sai na ji kunya. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ki tausaya wa makafi. Hannun Iya a kan kafaɗata ya isa.

Yau mun koma bayan katanga da get. Ba mu daina kyauta ba, wataƙila ma abin da muke fitarwa ya fi na iyayenmu yawa idan aka auna da kuɗi. Sai dai ta waya ake turawa, ko a ba direba, ko a aiki almajirin gida, yara kuwa suna falo suna kallo. Alherin yana tafiya, su ba su gan shi ba. Na san dalilin da ya sa iyaye da yawa suka daina aiken yara, ni ma uwa ce. Wanda yake Kano a 2019, lokacin da aka gano yaran da aka sace daga nan an kai su Anambra, ba zai ga laifin uwar da ta kulle ƙofa ba. Amma maganin wannan tsoron shi ne a raka yaro. Shi ya ɗauki kwanon, shi ya yi sallama, shi ya faɗi saƙon, ke kina bayansa taku biyu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne zakkar fidda kai, domin ita addini da kansa ya sa sunan yaro a ciki. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wajabta sa'i ɗaya a kan ɗa da bawa, namiji da mace, yaro da babba, kuma a fitar kafin mutane su tafi Idi. Sa'i ɗaya mudun Nabi huɗu ne, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. Wato jaririn da ke goye ma yana da nasa awon. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan shimfiɗa tabarma a daren jajibere, a kawo buhun gero, ya kira kowa da sunansa. Idan an zo kanka kai za ka riƙe mudun, ka cika, ka juye sau huɗu yana ƙirga maka. Sannan ya tambaye ka, "Taka wa za a kai wa?" Ina 'yar shekara shida aka fara yi mini wannan tambayar, kuma dole ka yi tunani, dole ka tuno wani. A gidana kuwa shekara da shekaru maigida ne yake aunawa a kasuwa, a raba a can, yara ba su ma san an fitar musu da komai ba. Farilla ta sauka, ban ce ba ta sauka ba. Tarbiyyar da ke cikinta ce muka bari a kasuwa. Azumi mai zuwa in Allah ya kai mu, a tsakar gida za a auna, mun riga mun yi magana da shi.

Sai naman layya. A aya ta 36 ta Suratul Hajji Allah ya ce a ci, a ciyar da mai wadar zuci da mai roƙo. Mai roƙo zai zo ƙofar gida da kansa. Mai wadar zuci ba zai zo ba ko da yunwa za ta kashe shi, sai an san shi, sai an neme shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 gidaje da yawa da suka saba yanka rago sun daina, kuma ba za su faɗa maka ba. Za su yi wanka su sa kaya su tafi Idi, su dawo su rufe ƙofa don kada 'ya'yansu su ga hayaƙin suyar maƙwabta. Ta yaya yaro zai koyi lura da irin waɗannan idan abin da yake gani shi ne cinya ta tafi gidan surukai, ƙafar gaba ta tafi gidan maigidan babansa a wurin aiki, duk gidajen da su ma sun yanka, sannan a tattara ƙashi da tumbi a leda a miƙa wa na bakin ƙofa? Yara suna ganin wannan rabon sarai. Suna koyon cewa mai kyau na mai shi ne. Alhali a Suratul Baƙara an hana mu nufin mummuna mu ce shi za mu ciyar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Da can wutsiyar rago ake ajiyewa har ranar cika-ciki. Yanzu rabin rago ne yake kwana a firiza har Maulidi.

Nana A'isha ta tambayi Annabi, tana da maƙwabta biyu, wa za ta fara ba kyauta, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Wannan ƙa'ida ce da yaro ɗan shekara huɗu zai gane. A tsaya da shi a ƙofar gida a ce ƙirga mini ƙofofi. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ƙofar da ta fi kusa da ita ta Kiristoci ce, 'ya'yanta ke kai musu nama, su ma idan Kirsimeti ta zo nasu yaran ke shigo da shinkafa da cincin. Ban ga abin da ya ragu a addinin kowa ba.

Akwai kuma inda muke ɓata abin da hannunmu. Na ga ana ɗora wa yaro leda, a tsayar da maraya a gabansa, a ɗauki hoto a sa a Facebook da WhatsApp. Wallahi wannan ba koyar da tausayi ba ne. Ana koya wa ɗaya cewa shi na sama ne, ana koya wa ɗayan sunkuyar da kai. Haka masu cewa a gaban yaron mutane, "Ka gani ko? Shi ko takalmi ba shi da shi, kai kana raina naka." An mai da ɗan wani allon wa'azi, yana tsaye yana ji. Alƙur'ani ya ce kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa, kuma ban san cutarwar da ta wuce a tuna wa yaro rashinsa ranar Sallah ba. Almajirin da yake yi mana shara da ɗebo ruwa shekara guda cur yana da suna, yana da uwa a wani ƙauye da take tunaninsa a ranar. Idan za a yi masa kayan Sallah, a yanko daga shaddar da aka yanka wa yaran gida, a kai su wurin tela tare a auna su tare. Kwancen bara ba kayan Sallah ba ne, kuma 'ya'yanmu sun san bambancin.

Ban kuma yarda a ƙwace barka da Sallar yaro a ce an yi sadaka da ita a madadinsa ba. Abin da aka karɓe da ƙarfi haushi yake bari a zuciya. Kuɗinsa ne. A tambaye shi ko akwai wanda yake so ya saya wa wani abu, in ya ce a'a a ƙyale shi, a sake tambaya wata Sallar. In ya ce naira hamsin zai bayar, kada a raina, kada a ƙara masa a ɓoye don a burge mutane. A bar shi ya miƙa hamsin ɗinsa.

Da Babbar Sallah ta zo, washegarin yanka, na zuba soyayyen nama mai kyau a kwano na ɗora wa auta a ka, muka tafi gidan Goggo. Ta yi ta mita a hanya, kwano ya yi nauyi, rana ta yi zafi. Na ce ta yi haƙuri mun kusa. Ita ta yi sallama, ita ta durƙusa ta ce, "Goggo, ga shi in ji Umma, ana yi miki barka da Sallah." Goggo ta kwance bakin zani ta ba ta alewa biyu kamar kullum. Ba zan ce yarinyar ta canza a rana ɗaya ba, da daddare ma sai da ta baje kuɗinta ta jera. Amma muna zaune ana hira ƙishirwa ta kama ta, ta je ta buɗe randa, ta dawo ta raɗa mini a kunne cewa babu ruwa a ciki. Shekara nawa ina shiga gidan nan, a ɗaki nake zama in gaishe ta in ajiye abin da na kawo in tafi, ban taɓa ɗaga murfin randar ba. Ashe yaron maƙwabta da yake ɗebo mata ya koma makarantar kwana tun bayan azumi, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba.

A ranar muka nemo mai ruwa na layin, muka yi da shi zai riƙa kawo jarka huɗu duk bayan kwana biyu, ana biyansa ranar Juma'a. Auta ce take riƙe kuɗin a cikin 'yar jakar Sallarta idan za mu je, kuma tana shiga gidan randa take fara buɗewa.