Mayya mai gidan kek da Iya mai wainar lungunmu

Laraba ta biyu a kowane wata, in ban da aikin dare, nakan je taron masu karatu a laburaren garin da nake zaune a Lankasha, arewacin Ingila. Shekarata ta uku ke nan ina aikin jinya a nan, kuma kaɗaici ne ya fara kai ni wurin. Ɗaki ne ƙarami a saman bene, kafet ruwan toka, hita a jikin bango tana ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa kwano, gilashin taga kullum a jiƙe. Mu goma sha ɗaya ne. Tara daga ciki tsofaffin mata ne da suka ajiye aiki, sai wani dattijo da ba ya cire hular sanyinsa, sai ni. Kowa da kofin shayinsa, biyu suna saƙa da ulu suna magana ba tare da sun dubi hannunsu ba, a tsakiyar tebur kuma farantin kek da ake yankawa siri-siri, a tambaye ka sau biyu kafin a miƙo maka.

Littafin wannan watan irin wanda suke kira labarin bincike mai kwantar da hankali ne. Ana kisa a ciki, amma ba a nuna jini, ba ashar, ba batsa, kuma kyanwar gidan ba ta taɓa mutuwa. Wata bazawara ce ta koma ƙauyensu a bakin teku ta buɗe gidan kek, sai ta gano mayya ce ta gado. Tana zuba ganyayyaki a kwaɓin fulawa tana karanta wasu kalmomi, wanda ya ci ya samu barci, ko ya daina fushi, ko ya faɗi gaskiyar da yake ɓoyewa. Aka tsinci gawar wani mai kuɗi a bayan shagonta, 'yan sanda suka zarge ta, ta shiga bincike da kanta. A shafukan ƙarshe har da yadda ake haɗa kowane kek da aka ambata, awo-awo.

Sun yi awa guda suna baje ra'ayi. Wata ta ce tun babi na shida ta gane wanda ya yi kisan, don haka taurari uku kawai za ta ba shi cikin biyar. Wata ta ce soyayyar ta yi yawa, tsafin ya yi kaɗan, ita tsafin ta biya kuɗi ta karanta. Wata ta gwada kek ɗin citta da kirfa na bayan littafin ya ƙi tashi, ta zo da shi a kwano don a gani da ido. Dattijon ya ce 'yan sandan littafin sun cika sakarci. Mai jagorantar zaman ta ce ita da za ta samu maƙwabciya mayya irin wannan, da ta fi kowa murna. Sai ta juyo ta ce ni ban ce komai ba.

Na ce musu rubutun ya yi daɗin karantawa, amma ni na kasa cin kek ɗin matar ko a cikin zuciyata, domin a garinmu in aka ce mai sayar da abinci mayya ce, ranar kasuwarta ta mutu. Ta kusa da ni ta dafa hannuna a hankali, da fuskar tausayi, ta ce: “Allah sarki, ashe ku har yanzu kuna can. Mu mun wuce nan shekara ɗari huɗu ke nan.” Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Amma maganar ta soke ni har ƙashi. Ni 'yar Katsina ce, ɗakin kara, ba a koya mana mayar wa tsohuwa magana a gaban mutane ba. Na yi murmushi na kurɓi shayina da ya riga ya huce.

A hanyar komawa gida na shiga bas, a jikinta an zana mace bisa tsintsiya tana tashi sama. Nan yankin haka yake. Tudun Pendle yana nan a tsaye ana hango shi daga tagar kicin ɗina, baƙi-ƙirin in hadari ya sauko masa, kuma duk abin da za a iya sayarwa an manna masa hoton mayya: kofuna, tawul, alewa, giya, har alamun hanyar masu yawon ƙafa. Daren 31 ga Oktoba mutane kan hau tudun da fitilu da dogayen huluna baƙaƙe suna ɗaukar hoto.

To ga abin da suka wuce ɗin. A watan Maris na 1612 wata budurwa matalauciya, Alizon Device, ta haɗu da wani ɗan koli mai suna John Law a hanya kusa da Colne, ta nemi ya ba ta allurai ya hana. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Duk wanda ya yi mako guda a ɗakin marasa lafiya ya san wannan ciwon. Amma aka ce ita ce, ita ma don tsoro da yarda da abin ta amsa. Daga nan aka bi danginta da maƙwabta. Mutum goma sha ɗaya aka gurfanar, mata tara maza biyu, goma aka rataye, kakar yarinyar kuwa ta mutu a kurkukun Lankasta kafin a zo shari'a. Babbar shaidar da aka kafa ƙanwar Alizon ce, Jennet, 'yar shekara tara, wadda aka sa ta nuna uwarta da yayanta da yayarta a gaban alƙali. Sarkin lokacin, James, da kansa ya rubuta littafi a kan mayu a 1597. A Sikotland kusan mutum 4,000 aka tuhuma tsakanin 1563 da 1736, akasarinsu mata, kuma sai ranar 8 ga Maris 2022 shugabar gwamnatinsu ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara. Wannan ba aikin 'yan unguwa da suka fusata ba ne. Doka ce a rubuce, da alƙali da magatakarda da hatimin sarki.

Ban ce ba su yi komai ba. A 2012 sun kafa mutum-mutumin ɗaya daga cikin matan, Alice Nutter, a ƙauyen Roughlee, da sarƙa a hannunta, na je na gani kuma ya taɓa ni. Amma shago nawa ne ke sayar da ita a jikin kofi? Mutanen da aka rataye kan allura sun zama kayan tsaraba, jikokin masu kallon ratayar suna cin kek suna cewa da ma a ba su mayya maƙwabciya. In wannan ne wucewa, ni ban ga inda aka je ba. An daina jin tsoron abin ne kawai, sai aka mayar da shi wasa, kuma wanda ya mayar da kabarin kakarsa wurin wasa ba shi da bakin da zai ce da ni Allah sarki.

Wani abin da ya fi ba ni haushi, kalma ɗaya suka fi riƙewa, su cusa komai a ciki. Mu kuwa mun rarrabe. Maye daban, boka daban, 'yar bori daban, matsubbaci daban, mai maganin gargajiya da ungozoma ba su ma shiga wannan layin ba. Matar littafin nan ba ta kama kurwar kowa ba, ba ta da ƙanƙara a ciki, ba mayya ba ce ko a ma'aunin masu yarda da maita. Abin da take yi sunansa barbaɗe. A zuba wa mutum abu a abinci bai sani ba don a juya masa zuciya, ko da alheri aka nufa, wace mace ce a Katsina ba ta san sunan wannan ba? A littattafan da matanmu ke rubutawa suna turawa ta WhatsApp, wadda ta yi barbaɗe ita ce ake jira a ga ƙarshenta. A nan ita ce tauraruwa, kuma cikin mutum goma ba wanda ya tsaya ya ce, shin an tambayi wanda aka ba kek ɗin? Mutanen da a asibiti ba na isa in ba majiyyaci ƙwayar ciwon kai sai da yardarsa! Mu da muke karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma, muka san ayar Haruta da Maruta a Baƙara, ba za mu iya ɗaukar sihiri abin shan shayi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in ji kunyar haka ba.

Sai dai ba zan rufe ido in ce namu fes yake ba. Tun da na fito daga ɗakin nan Iya mai waina take a raina.

Lungunmu yana cikin birni, inda in ka hau soro kana hango hasumiyar Gobarau. Iya daga ƙauye aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Tun asuba take hura wuta a zaure, tanda mai gida tara, ƙullu a ƙwarya, mu yi layi da kwanoninmu kafin makarantar allo. Idonta ja ne kullum, yau na san hayaƙin kara ne na shekara talatin. Bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ta ɗibar yara a Arewa, wani yaro a lungun ya kwanta da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, yana fizge-fizge yana kiran sunanta. Wa zai kira in ba wadda yake gani kowace safiya ba? Kafin azahar an cika ƙofar gidanta. Aka fito da ita ba mayafi, aka sa ta tsallake shi sau uku tana kuka tana rantsuwa. In ya tashi a ce ta sake shi, in ya mutu a ce ta cinye shi, ba ƙofar da aka bar mata. Yaron ya rasu bayan kwana biyu. Shekarata tara a lokacin, daidai da Jennet, kuma ina cikin yaran da in za mu wuce zaurenta muke tofar da yawu mu ce kurwata kur. An ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. Ba a taɓa gaya mana abin da wadda aka yi wa ƙazafi take tunawa ba.

Na san a wasu wuraren abin yana kaiwa ga rai, ina ganin labarai, kuma haram ne, zalunci ne. Amma a lungunmu ba a kai Iya gaban alƙali ba, ba a rubuta takarda ba. Liman ya yi magana bayan sallar magariba, ya ce wanda ke da hujja ya kawo, wanda ba shi da ita ya ji tsoron Allah. Ciniki dai bai dawo ba, ta kife tandar. Innarmu kuwa ba ta fasa aika mata tuwon dare ba, ni ake ba kwanon, in ajiye a bakin zaure in ruga. Wasu gidajen ma ashe suna aikawa a ɓoye. Mutanen da suka ɓata mata suna su ne suka ci gaba da ciyar da ita. Ban san yadda zan fassara wa matar da ta dafa hannuna wannan ba.

Akwai wata a taron da ba ta cika magana ba, mijinta ya rasu bara. Da ana tattara kofuna ta ce ita ba ruwanta da wanda ya yi kisan, ba ruwanta da tsafin. Abin da ya sa ta karanta littafin sau biyu shi ne a ƙauyen nan kowa ya san sunan kowa, in ba ka fito ba da safe wani zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da abu mai ɗumi a hannu. Ta ce kwana huɗu ke nan ba ta yi magana da ɗan Adam ba sai yau. Sauran duk suka gyaɗa kai. Ashe abin da suke saye ke nan da fam tara, suna jiran na biyu da na uku su fito. A sashen da nake aiki ina ganinsu, tsohuwa ta yi mako uku a gado ba wanda ya leƙo, katin gaisuwa ɗaya a kan durowa. A Katsina mai gadi ne ke korar 'yan dubiya da kulolin abinci saboda sun yi yawa. Ƙauyen da marubuciyar ta ƙirƙira ta sa masa mayya don ya yi armashi, ni a cikinsa aka haife ni, da gulmarsa da ƙazafinsa da kwanon tuwonsa, kuma na baro shi na zo nan ina dumama abinci ni kaɗai ƙarfe goman dare.

Daren nan na kira Inna. Bayan gaisuwa na ce, “Inna, wai ina labarin Iya mai waina?” Ta yi shiru, ta ce, “Ikon Allah. Mi ya tuno maki da ita? Ai ta daɗe da rasuwa, kina makarantar jinya. Mu muka yi mata wanka.” Na tambaya ko an samu mutane a jana'izar, ta ce lungu ya cika har titi. Na ce ina tandar? Ta ce tana nan a ɗakin ajiyarmu, Iya ce ta ba ta da hannunta, gida ɗaya ya fashe.

Na ce mata ina so in yi waina in kai wa wata tsohuwa a nan, layi uku ne tsakaninmu. Inna ta ce to in jiƙa shinkafar tun dare, in dafa kaɗan in haɗa kafin niƙa, kada in cika yis. “Kuma wannan sanyin naku ƙullu ba ya tashi,” in ji ta. “Ki rufe shi da bargo ki aje kusa da abin ɗumin ɗakin, ki leƙa shi da asuba.”