Mai ƙaramar sana'a, duba waɗanda ƙofarka take hana shiga

'Yan'uwa matasa masu ƙananan sana'o'i, ku ba mu aron hankalinku. Mutum zai buɗe wurin aiki da ma'aikata biyu, bayan shekara uku su kai takwas, amma in ka duba sai ka tarar harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, jinsinsu ɗaya, galibi ma dangi ne ko abokan dangi. In ka tambaye shi zai rantse bai taɓa korar kowa saboda asalinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar tana cikin yadda yake ɗaukar mutane. Duk sanda gurbi ya samu sai ya ce wa yaransa, "Ku nemo min mai amana." Kowa kuwa nasa zai kawo. A haka ƙofa take rufuwa ba tare da wani ya tura ta ba, kuma asarar a kanka take: wanda ya fi iya aikin bai ma ji labarin gurbin ba.

Kyakkyawar niyya ba ta gyara wannan, sai an sauya tsari. Kafin ka nemi ma'aikaci, ka zauna ka rubuta ayyuka uku zuwa biyar da zai riƙa yi kullum. Duk sharaɗin da bai shafi waɗannan ayyuka ba ka soke shi. Me ya haɗa lissafin kaya da shekarun haihuwa, ko da aure, ko da hoton fuska? Sannan ka sanar da gurbin a wurare aƙalla uku da ba su da alaƙa da juna, ciki har da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman da cibiyoyin koyon sana'a, ka ba da mako biyu.

Wajen tantancewa ne aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan tsaya a nan. Hira irin ta "daga ina kake, ɗan gidan wa ne" tana sa ka zaɓi wanda jininku ya haɗu, kai kuma ka ɗauka cancanta ka gani. Ka tanadi tambayoyi biyar, ka yi wa kowa su iri ɗaya, a jere ɗaya. Da zarar mutum ya fita ka ba kowace amsa maki daga 1 zuwa 5, kada ka bari sai yamma, domin zuwa lokacin abin da zai rage a zuciyarka shi ne fara'arsa ko karin harshensa. In da hali ku zama ku biyu, kowa ya rubuta makinsa kafin ku tattauna, don kada ƙarami ya bi bakin babba. Sai gwaji na zahiri, na awa ɗaya ko yini ɗaya, kuma ka biya shi ladan wannan lokacin. Gani ya kori ji. Kada ka tambayi mace ko tana da ciki ko tana shirin aure. A ƙasashe da dama doka ta hana, kuma ko ba doka, tambayar ba ta nuna maka ko ta iya aikin.

Albashi ma ka rubuta shi: matakai biyu ko uku, da abin da ake buƙata kafin a hau kowanne. Inda babu rubutu, mai baki ne yake samun ƙari, mai kunya kuma a bar shi a baya. Tun 1951 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar biyan mace da namiji daidai a kan aiki mai daraja ɗaya, a 1958 kuma ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Ƙanƙantar sana'arka ba hujja ba ce. Ma'aikata suna gaya wa juna abin da suke karɓa, kuma ranar da biyu masu aiki ɗaya suka gano bambanci, amana ta tafi.

Yanzu ka fita waje ka kalli ƙofarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata nakasa mai tasiri, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Waɗannan masu saye ne, kuma ba su kaɗai suke zuwa ba. Matakala guda ta isa ta mayar da su. In za ka yi gangara, ƙa'idarta ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo, ke nan dakali mai santimita 15 yana buƙatar gangara mai santimita 180. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gajarta ta don tsimin wuri, sai ta yi tsaye, keken guragu ya kasa hawa ko ya kife da mai shi. Wasu kuma su shimfiɗa mata tayil mai santsi, ko su mayar da ita wurin jibge kaya. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, a bar fili mai santimita 150 inda keke zai juya, a saukar da wani ɓangare na kanta kada ya wuce santimita 90. Ka ajiye kujera don tsoho da mai ciki, da takarda da biro don kurma. Ka koya wa yaranka su yi magana da mutumin kansa, su daina juyawa ga ɗan rakiyarsa kamar shi ba ya wurin.

Ɗauka ita ce mai sauƙi, riƙewa ce aiki. Sau da yawa ana ɗaukar mutum ɗaya da ya bambanta da sauran, bayan wata uku ya ajiye aiki, maigida ya ce, "Ai na gwada, ba su zama." Bai lura cewa ana tsakiyar taro ake sauya harshe zuwa wanda baƙon ba ya ji ba, ko cewa ana kiransa da sunan ƙabilarsa wai wasa ne. Ka tsayar da harshen da za a riƙa yin taro da shi. Wasan da ya taɓa addini, ƙabila, jiki ko jinsi, ka tsawatar a karon farko, a gaban waɗanda aka yi shi a gabansu, ko da ƙaninka ne ya yi. In ka yi shiru, kowa ya fahimci ka yarda. A farkon shekara ka tambayi kowa ranakun ibadarsa da bukukuwansa, a rubuta a kalanda ɗaya, a tsara musayar aiki tun da wuri. Mai shayarwa a ware mata lokaci da wuri mai sirri. Ka kuma samar da mutum na biyu da za a iya kai wa ƙara, domin wani lokaci wanda ake kuka da shi shi ne shugaban sashen, ko kai kanka.

Duk wata shida ka ɗauki takarda ka rubuta: wa ya nemi aiki, wa aka ɗauka, wa aka ƙara wa albashi, wa ya tafi kuma me ya ce dalili. In sunayen da ke layin ƙari duk iri ɗaya ne, na layin tafiya kuma wani iri, ka koma matakin da aka fara rabuwa ka gyara shi kafin ka sake ɗaukar kowa.