Koyon aiki a harkar man fetur ba sai injiniya ba

Na gaji da jin ana cewa ɗalibin da bai karanci injiniyanci ba, ba shi da abin nema a hukumomin man fetur. Ban ga laifin masu faɗa ba, don hoton da muka saba gani shi ne rijiya da ma'aikaci sanye da hular kwano.

Amma kafin a haƙa rijiya, takarda ce a gaba. Dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta ɗora wa NUPRC, hukumar gwamnati mai sa ido kan kamfanonin haƙar mai, kula da lasisin haƙar mai, wata dokar muhalli ta 1992 kuma ta wajabta binciken illar aikin ga muhalli. Ɗalibar shari'a da ta je sanin makamar aiki ana iya miƙa mata rahoton kamfani ta duba: ina za a zubar da gurɓataccen ruwa, an kuwa ji ta bakin manoman wurin?