Sharhi kan rahoton bunƙasar unguwar asibitoci a Ngaundere

Marubucin rahoton ya ce sababbin gine-gine na 'yan shekarun nan ne suka mayar da Ngaundere, wani birni a ƙasar Kamaru, cibiyar neman magani, amma a ganina ya tsallake tushen maganar. 'Yan mishan daga ƙasar Norwe ne suka buɗe asibitinsu a nan tun 1957, har unguwar da ke kewaye da shi ta ɗauki sunansu, kuma da layin dogo ya iso garin a 1974, sai marasa lafiya daga kudu suka samu hanyar zuwa. Majinyaci kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, domin dole a samu mai jinya da zai kwana, ya ci abinci, ya sayi magani. Wannan ne ya haifar da kantunan magani, da ɗakunan haya, da masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Wani malam da shi ma ya yi sharhi kan rahoton ya yi gaskiya da ya ce haya ta yi tsada. Shin an taɓa tanadar wa matar da ta taso daga ƙauye da ɗanta wurin kwana mai rahusa, kafin a yi maganar ƙarin benaye?