An ƙwace bakin kogin Thames daga hannun talaka

Duk wanda ya san gaɓar Thames a Landan daga Wapping zuwa Greenwich, ko daga Hammersmith zuwa Richmond, ya ga abin da ake yi wa tsoffin gidajen mashaya na bakin ruwa, kuma abin ya kai intaha. A Ingila gidan mashaya ba na giya kaɗai ba ne. Shi ne majalisar unguwa. Nan ake kallon ƙwallo, nan ake zaman bayan jana'iza, nan tsoho ɗan fansho yake wuni da jaridarsa don gidansa ba ɗumi. Ko wanda ba ya kusantar giya, abokan aiki kan ja shi can ya ci kifi da dankali ya kora da lemo. Yau an mayar da waɗannan wurare gidajen cin abinci na masu hannu da shuni, kuɗi ya ninka, abinci ya lalace, mutanen unguwa kuma an kore su ba tare da an ce musu ku fita ba.

Da yawa daga gidajen nan ba don 'yan yawon buɗe ido aka gina su ba. Na 'yan dakon tashar jiragen ruwa ne da matuƙan kwale-kwale da masunta. Prospect of Whitby da ke Wapping ana danganta asalinsa da wajen 1520, Trafalgar Tavern na Greenwich kuwa an buɗe shi a 1837. Tashoshin jiragen ruwa na Wapping sun rufe a 1969, na Surrey a 1970, na ƙarshe a 1981, sai aka mayar da rumbunan kaya gidajen kwana masu tsada. A 1989 doka ta tilasta wa manyan kamfanonin giya sakin dubban gidajen mashaya, suka faɗa hannun kamfanonin da ba ruwansu da komai sai kuɗin haya. A 1991 aka buɗe The Eagle a Farringdon, wanda ake ɗauka shi ne farkon mashayar da ta sa girki a gaba, kuma ba laifi a abin da ya yi. Laifin na masu kwaikwayon da ba su iya ba ne. Da aka hana shan taba a cikin gini a Yulin 2007, sai kowa ya ruga ga abinci.

Yadda ake yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. A rufe gida na 'yan makonni. A rushe bangayen da suka raba ƙananan ɗakuna, a ɗauke kafet da labule da kujerun katifa, a shafe ko'ina da fenti ruwan toka. Kafet da labulen nan su ne suke shanye ƙara. Da zarar an bar ƙasa katako, bango fayau, ga gilashi ta ɓangaren kogi, sai sauti ya riƙa dawowa, kowa ya ɗaga murya don a ji shi, a ƙara kiɗa a kai. Mai na'urar ji a kunne ba ya iya minti goma a ciki. Daga nan a cire allon jifan kibiya da teburin sunuka, saboda filin da suka ci zai ɗauki teburan abinci uku ko huɗu. Sai a tsayar da wani a bakin ƙofa da kwamfutar hannu yana tambaya, “Kun kama wuri?” Teburan da ke kallon ruwa duk an sa musu alamar an kama tun safe, ko da babu kowa a kai har azahar. Wanda ya kama kuma an yanka masa awa ɗaya da rabi ko biyu, an karɓi lambar katinsa, in bai zo ba a cire kuɗi. Wane irin majalisa ne ake zama da agogo?

Sai abincin, inda takaicin ya fi yawa. Kifi da dankali ba shi da wani sirri. Gunduwar kifi mai nauyin giram 225 zuwa 280, a tsane ta, a barbaɗa fulawa, a tsoma a ƙullu mai sanyi ƙarara, a saka a mai da ya kai digiri 180, minti shida zuwa takwas, a tsame a kai wa mai shi nan take. Yanzu an koma gunduwar giram 170, an kumbura ƙullun don ta cika ido. Kicin ɗin waɗannan gidaje ƙarami ne, don ginin tsoho ne, ba a yi shi don ciyar da mutum ɗari biyu ranar Lahadi ba. Sai mai suya ya jefa gunduwa shida a tukunyar da ba ta wuce uku ba, zafin mai ya faɗi, ƙullu ya sha mai maimakon ya soyu. A ajiye ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci ana jiran sauran odar teburin. Kafin ya iso, tururi ya jiƙa ƙasansa, ka sa cokali ka ga ɓawon ya saɓule kamar jiƙaƙƙen kwali, kifin na iyo a cikin mai.

Dankalin ma haka. Suna rubuta cewa sau uku aka dafa shi. Na gaskiyar aiki ne ja: a tafasa har gefensa ya fara farfashewa, a sanyaya ya bushe, a soya a digiri 130, a sake sanyayawa, sannan a soya a 180. Wanda bai da firji da ma'aikata ba zai iya ba, don haka da yawa daskararre suke saya a buhu. Kuma a kawo maka guda takwas a tsaye cikin ɗan bokitin ƙarfe, inda na ƙasa ke yin gumi ya yi laushi. Fai ɗin nama kuwa, asalinsa ɓawo ne ƙasa da gefe da sama, ya rufe naman ruf. Abin da ake kawowa yanzu miyar nama ce a kwano, wadda aka dafa a wata masana'anta aka kawo a leda, aka ɗumama, aka ɗora mata faifan fulawa da aka gasa daban. Ka taɓa shi ya tarwatse, ƙasa ruwa tsululu.

Faranti ma ya zama abin nema. Ana zuba abinci a kan katako ko falalen dutse marar baki, romo ya gangaro kan tebur har cinyar mutum. Katakon nan wuƙa ta tsattsaga shi, maiƙo na shiga tsagar, injin wanki mai zafi kuma yana lanƙwasa shi, saboda haka sau da yawa gogewa kawai ake yi.

Musulmin da ke Landan ya ƙara kula da abu biyu. Ƙullun shagunan kifi na gargajiya galibi ruwa ne da fulawa da hodar tashi, amma a waɗannan gidaje an mayar da kwaɓa shi da giya abin alfahari. Wasu kuma da kitsen shanu suke suya, ko su soya kifi a man da aka soya naman alade. A tambaya kafin a yi oda, kuma in mai kawo abincin bai sani ba, a sa shi ya je kicin ya tambayo.

Rasit shi ne ƙarshen cin fuska. Kifin ya doshi fam 20, ganye da miya kowanne da kuɗinsa daban, sannan a ƙasa an lafta kashi 12.5 cikin ɗari na hidima. Har a inda kai ne ka ɗauki waya ka yi odar da kanka, ko ka tsaya a kanta ka ɗauko abin shanka, sai na'urar kati ta nemi tukwici. Idan an rubuta cewa kuɗin hidimar na ganin dama ne, kana da ikon cewa a cire, kuma ba rowa ba ce. Tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata duk kuɗin nan ba tare da an zaftare ba, don haka wanda ya biya yana da damar tambayar ko yana isa hannunsu.

Masu gidajen za su ce ba yadda za su yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Harajin kaya kashi 20 ne, kuɗin wuta da gas ya tashi, kason inshorar ma'aikata da mai gida ke biya ya koma kashi 15 a Afrilun 2025, wanda ke haya a hannun kamfani kuma sau da yawa tilas ya sayi abin sha a wurinsu da tsada. To amma wanne daga cikin waɗannan ya hana a bar tebura huɗu ba kamu don mutanen unguwa? Wanne ya hana a sa abinci ɗaya mai sauƙin kuɗi a jerin, ko a zuba shi a faranti? Ba talauci ne ya sa aka cire kujerun kanta ba, lissafi ne aka yi aka ga tsohon da ke zama awa uku da kofi ɗaya ba ya kawo riba.

Dokar 2011 ta ba mazauna unguwa 21 damar neman ƙaramar hukuma ta yi wa gida rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda in za a sayar za a iya dakatar da cinikin wata shida su nemi kuɗi. Tun 2017 kuma sai da izini ake rushe gidan mashaya ko a mayar da shi wani abu a Ingila. Amma duk wannan gini yake karewa. Waɗannan dokoki biyu ba su hana ba a bar suna da allon ƙofa yadda suke, a kwashe duk abin da ke ciki. Tsofaffin da aka tayar, ga su can kan bencin hanyar bakin kogi da gwangwanin babban kanti a hannu, cikin iskar Nuwamba, suna hangen teburinsu ta gilashi da alamar an kama a kai.