Fushin da muke haɗiyewa a kasuwa mu amayar a gida

A gidan hayar da na zauna a wajen Ƙofar Ƙaura, katanga ɗaya ce ta raba ni da wani dattijo Musulmi mai sayar da hatsi. Wata rana na dawo daga gareji raina a ɓace. Wani mai mota ya ƙi biyana kuɗin gyara, da na matsa sai ya jefe ni da kalmar nan da duk Bahaushe Kirista ya san zafinta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba komai, Alhaji." Da na iso gida na tarar tuwo bai sauka ba. Abin da na kasa gaya wa Alhaji shi na juye wa matata, har na yi fatali da kwanon sha, ƙaramin yaronmu ya ruga ya ɓuya bayan ƙyaure. Washegari da sassafe dattijon yana kan tabarmarsa da carbi a hannu. Bayan mun gaisa ya ce, "Maƙwabci, jiya na ji murya, ban gane taka ce ba." Bai ƙara komai ba, ni kuwa na wuni da maganar a ƙirjina.

Mu maza Kiristoci a Katsina mun iya haƙuri a waje, kuma muna son a yabe mu a kai. A tasha, a ofis, a layin mai, za ka ga mutum an taka shi yana murmushi. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin wannan haƙurin lissafi ne. Mun san mu 'yan tsiraru ne, mun san ƙaramar magana tana iya zama babba. Babu laifi mutum ya yi hattara. Laifin shi ne fushin bai mutu ba, an dai ɗaure shi an kawo shi gida, inda babu mai iya ramawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Maƙwabta kuwa suna ji. Littafi Mai Tsarki yana cikin Hausa tun 1932, amma dattijon nan bai taɓa buɗe shi ba. Tun 2023 Katolika suna da dayosis ɗinsu a Katsina, wato yankin ikkilisiya mai nasa bishop, da bishop ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, ga majami'un ECWA daga birni har ƙauyukan Kafur da Bakori, amma shi ba zai shiga ko ɗaya ya ji wa'azi ba. Abin da ya sani game da Almasihu shi ne abin da ke ƙetaro katanga da dare. Matarsa ma ta ga idon matata a bakin famfo da safe, ba ta buƙatar a yi mata bayani.

A ƙasar nan da hali aka fara shaida. A zamanin Turawa an taƙaita wa 'yan mishan yin wa'azi a masarautun Arewa, sai ta hanyar jinyar kutare suka samu shiga, kamar a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina. Mutane sun ga hannun da ke wanke miki kafin su ji wata aya. Mu jikokin waɗanda suka karɓi bishara ta wannan hanya bai kamata hannunmu ya zama abin da yara ke kaucewa ba.

Kada kuma mu ɗauka cewa danne fushi darasi ne da za mu koya wa Musulmi. Ɗan makarantar Islamiyya ma ya san hadisin da ke cewa mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ba gwanin kayar da mutane a kokawa ba. Da wannan ma'aunin suke auna mu, kuma ma'auni ne na gaskiya. In sun ga dattijon ikkilisiya yana zabga wa matarsa ashar ranar Asabar, ya saɓa babbar riga ranar Lahadi, sun gama yanke hukunci.

Wani zai ce, to ashe mu zama tabarmar kowa? A'a. Yesu da kansa ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali. Bulus a wasiƙarsa ga Afisawa bai hana fushi ba, cewa ya yi kada fushin ya kai mu ga zunubi, kada kuma rana ta faɗi muna riƙe da shi. A ganina ma'anar a fili take: a kai fushin inda ya dace, da wuri, da murya a kwance. Da na dubi Alhajin nan na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗina hakkina ne, wannan kalma kuma ba ta dace da kai ba," ko na kai ƙara wurin shugaban gareji ko mai unguwa, da ban iso gida da wuta a ciki ba. Wannan ya fi shiru wuya, na sani, domin yana buƙatar ƙarfin hali. Bitrus, almajirin Yesu, ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, lokacin da aka zo kama Yesu, a daren nan kuma ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baiwa. Zafin zuciya da tsoro sukan zauna a ƙirji ɗaya.

Ina roƙon shugabannin zumuntar maza su daina cinye taro a kan kuɗin anko da gudummawar gini kaɗai. A riƙa tambayar juna kai tsaye, yaushe rabonka da ɗaga wa iyalinka murya, kuma ka nemi gafara? Fastoci su ma su daina sallamar matar da ta kawo kuka da "ki yi haƙuri, Mama" ba tare da an kira maigidan an zaunar da shi ba.

Ni dai a daren ranar da dattijon ya yi mini magana, na tara matata da yaran a tsakar gida na ce na yi kuskure, su yafe mini. Ban rage murya ba. Da safe ya aiko jikarsa da kwanon ƙosai, ta ce Baba ya ce a ba yara.