Cike Haraji Daban-daban Ba Ya Hana Katin Zama a Amurka

Wasu na ɗauka cewa idan miji da mata ba su haɗa takardar haraji ba, USCIS, hukumar kula da shige da fice ta Amurka, za ta ƙi ba su katin zama ta hanyar aure. Ba haka ba ne. Doka ta yarda ma'aurata su cike tare ko kowa nasa. Haɗawar hujja ce mai ƙarfi cewa auren na gaske ne, amma yarjejeniyar haya, asusun banki ɗaya da takardun haihuwar yara ma suna aiki.

Inda ake shiga uku shi ne mai aure ya rubuta wa IRS, hukumar haraji ta Amurka, cewa shi gwauro ne, wai don matar tana Kano. Duk wanda ke da aure ranar 31 ga Disamba, mai aure ne a wannan shekarar. Wanda ya yi kuskuren sai ya gyara da fom 1040-X tun kafin ranar ganawa da jami'an USCIS.